Gidan ubanka ne, amma kafin ka sa diga nemi izini

Akwai wata magana da ake yawan ji a tsofaffin unguwanninmu duk lokacin da aka ce wa mai gida ya dakata da rusau har ya samu takardar izini: gidan ubana ne, ba wanda ya taya mu gina shi, ba kuma wanda zai hana ni gyara shi. Magana ce mai daɗin ji, mai faɗinta kuma ba mahaukaci ba ne. Amma kuskure ce, kuma ƴaƴanmu ne za su biya kuɗin kuskuren. Ita ma hukumar da ke riƙe da hatimin izinin tana da nata laifi mai girma, domin izinin da ba ya fitowa sai bayan damana ta kayar da bango ba shi da bambanci da maganin da aka kawo bayan jana'iza.

Malamai da iyaye nake yi wa wannan magana. Ku ne ake kawo wa takarda ku karanta, ku ake roƙo ku rubuta wasiƙa zuwa ga magajin gari, ku ne ke zama cikin kwamitin masallaci da na makaranta inda ake yanke shawarar a rushe ko a gyara. Abin da kuka ce a zaure ya fi abin da ke cikin kundin doka tasiri.

Mu fara da dokar kanta. A Nijar akwai doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yunin 1997, wadda ta shafi karewa da adana kayan tarihi da al'adun ƙasa. Ginshiƙinta mai sauƙin fahimta ne: ginin da hukuma ta sa cikin jerin abubuwan da ake karewa, ba a rushe shi, ba a canza masa kama, sai da amincewar hukumar da ke kula da al'adu. Gidan yana nan hannun mai shi, yana kwana ciki, ƴaƴansa za su gada. Abin da aka ɗauke masa shi ne ikon ya tashi da safe ya kira lebura ya kayar da abin da ya shekara ɗari ko ɗari biyu a tsaye ba tare da kowa ya duba ba.

Inda wannan ƙa'ida ta fi fitowa fili shi ne Agadas. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko da Nijar ta samu a ɓangaren gine-gine da al'adu, tun da Ayar da Tenere da gandun dajin W na ɓangaren halittu ne. Abin da aka karrama ya wuce hasumiyar nan mai tsawon mita 27 da aka gina da laka zalla. Ya haɗa da unguwanni 11 na tsohon gari, da fadar Sarkin Abzin, da lunguna, da gidajen talakawa da ke kewaye da masallacin. Aka kafa ofishin kula da tsohon garin, wanda ake kira CECOGAZ, aka kuma shimfiɗa ƙa'idojin gini da neman izini a cikin yankin. Tun lokacin da aka karɓi garin an ambaci abubuwan da ke barazana gare shi: bulon siminti, rufin kwano, wayoyin lantarki da suka yi saƙar gizo a sama, da manyan tallace-tallace da ake rubutawa da fenti a jikin bango. A Damagaram kuwa, unguwar Birni da fadar Sarki suna cikin jerin share fage da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, suna jiran ranar da za a karɓe su.

To me ya sa sai an nemi izini? Dalili na farko ba shi da alaƙa da baƙi ko masu yawon buɗe ido. A tsohuwar unguwa gidaje jingine suke da juna. Bangon ɗakinka shi ne bangon tsakar gidan maƙwabcinka. Indararon da ke kan soronka, wanda ya kafa shi ya san inda ruwan zai zuba da inda zai bi har ya fita unguwa. Ranar da ka rushe shigifa ka tayar da bene na siminti, ka sa rufin kwano mai zubar da ruwa gaba ɗaya a wuri guda, ka ɗaga daɓen ƙofar gida ya fi na lungu tsayi, ruwan nan sai ya nemi hanya. Hanyar da zai samu ita ce gindin bangon wata tsohuwa da ba ta da ɗa a Yamai ko a ƙetare da zai aiko mata da kuɗin gyara. Gidan ubanka ne, gaskiya, amma ruwan da ka kora ba a gidan ubanka ya tsaya ba.

Dalili na biyu shi ne yawancin ɓarnar da ake yi wa ginin ƙasa da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum ya samu kuɗi, ya ce bari in hutar da mahaifiyata yaɓen kowace shekara, sai ya sa a shafe bangon laka da siminti. Shekara ta farko abin gwanin kyau. Amma bangon laka yana shan danshi yana kuma fitar da shi idan rana ta fito, siminti kuwa ba ya barin danshin ya fita. Zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka simintin yakan tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya maƙale a baya, ya riƙa cin lakar daga ciki alhali daga waje kana ganin bango lafiya lau. Ranar da ɓawon zai faɗo, da rabin bangon yake tafiya. Duk tsohon magini ya san wannan. Lebura mai ɗan shekara ashirin da bai taɓa kwaɓa laka da ciyawa ba, shi bai sani ba, kuma shi aka fi ba aikin saboda ya fi sauri. Amfanin neman izini shi ne a samu wanda ya san aikin ya duba kafin a zuba kuɗi a kan abin da zai kashe ginin.

Masu adawa suna da hujja biyu, kuma ya kamata a saurare su da kyau. Ta farko, suna cewa wannan tsarin Turawa ne, su ne ke son su zo su ɗauki hoton talaucinmu su koma gidajensu masu sanyi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin fushin, domin ba wanda ke son a mai da gidansa abin kallo. Amma neman izini kafin a taɓa gini ba Bature ya kawo mana ba. Biranen Hausa sun san Sarkin Magina tun kafin a san ofishin magajin gari. Sun san mai unguwa da ake kira idan za a fasa ƙofa ko a juya indararo, sun san haƙƙin maƙwabci da alƙali ke shari'a a kansa. A Agadas ma, tsarin kare tsohon garin ya dogara ne da Sarki da masu unguwanninsa tare da doka. Wanda ya ce kakanninmu kowa gaban kansa yake gini, bai san kakanninsa ba. Da haka suka yi, da ba mu tarar da lungunan da ruwa ke bi ya fita ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Iyali suna ƙaruwa. Ɗa zai yi aure yana buƙatar ɗaki. Ana son makewayi mai tsafta, ana son famfo, ana son lantarki, ana son taga da iska za ta shiga. Yarinya mai shirin jarrabawa tana buƙatar wurin karatu da ba ya yoyo. Shin za a ce wa mutanen nan su zauna kamar a zamanin Sarki Tanimun domin a ji daɗin kallonsu? A'a, kuma duk jami'in da ya fahimci aikinsa haka ya kamata a canza masa aiki. Gidan da ba a iya rayuwa cikinsa, mutanensa tashi suke yi, kuma gidan ƙasa da aka kulle aka bari damana uku ta ishe shi. Izini na gaskiya shi ne wanda ke cewa: ga inda za ka fasa tagar ba tare da ka raunana bakan gizon ba, ga inda za ka haƙa ramin makewayi nesa da gindin bango, ga yadda za ka ƙara ɗaki a tsakar gida ba tare da ka ɓata fuskar lungu ba.

Wanda ke shakkar ana iya canza gini ba tare da an kashe shi ba, ya je jihar Tawa. A garin Dandaji akwai tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Ba a rushe shi ba. An gyara shi an mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mafi girma kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse, aikin da Mariam Kamara, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, ta yi tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, aka kammala a 2018. Yau yara na karatu inda iyayensu suka yi salla. A Yama kuma, masallacin laka da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, a gasar da ake shiga da gine-ginen ƙasashe masu arzikin man fetur. Laka ba ta ba mu kunya a gaban duniya ba. Mu ne muke jin kunyarta.

Yanzu mu juya kan hukuma, domin nan ne tsarin ke karyewa. Ginin ƙasa yana da kalandarsa, kuma kalandar ba ta jiran sa hannun darakta. Ana gyara ne da rani, a yi yaɓe kafin ruwan farko, a share indararo, a canza azarar da gara ta ci. Idan mutum ya miƙa takarda cikin sanyi, ya yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce masa mai sa hannu ya yi tafiya, har hadari ya fara haɗuwa a gabas, to an bar masa zaɓi biyu ne kawai. Ko ya kira masu aiki da dare su yi abin da suka iya a ɓoye, ko ya naɗe hannu ya jira bango ya faɗo kan ƴaƴansa. Uban da ya zaɓi na farko ba zan zarge shi ba. Shirun ofis ne ya koya masa karya doka.

Mun ga abin da ruwa ke yi. A ranar 3 ga watan Satumban 2024, tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Rahotanni sun ce an ga tsagewa a jikinsa tun kafin faɗuwar, amma ruwa ya hana a taɓa shi. A watan Agustan 2023 kuma, wani ɓangare na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufto kan masallata ana cikin salla, aka rasa rayuka. Darasin wuraren biyu ɗaya ne: tsagar da aka gani cikin damana, tun da rani ya kamata a neme ta. Dokar da ta iya cewa kar a taɓa, amma ba ta iya tura mai dubawa kowace shekara kafin ruwa ba, rabin doka ce. Idan masallacin da duk gari ke alfahari da shi zai iya faɗuwa haka, ina ga gidan talaka a ƙarshen lungu?

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema daga hukuma, da babbar murya. A raba gyaran yau da kullum da canza kamannin gini. Yaɓe da laka irin ta asali, toshe tsaga, share indararo, maye gurbin azara da irinta, waɗannan mai unguwa ya sani ya isa. Rushewa, ƙara bene, fasa sabuwar ƙofa a kan lungu, canza rufi, sa siminti, su ne ke buƙatar takarda. A kuma sa wa'adin amsa wanda kowa ya sani, a liƙa shi a ƙofar ofis, domin mai nema ya san ranar da zai dawo da ranar da zai kai ƙara gaba. Bangon da ke barazana ga rai kuwa a ba shi hanyar gaggawa ta kwanaki.

A fito da jerin gine-gine da iyakokin unguwannin da ake karewa, a karanta su a rediyo da Hausa da Tamajak da sauran harsunan mazauna, a liƙa taswira a gidan mai unguwa. Zalunci ne a hukunta mutum da dokar da aka rubuta da Faransanci aka kulle a durowa, wanda bai san gidansa na cikinta ba sai ranar da aka zo tsayar masa da aiki. Idan aka ƙi ba da izini, a faɗi dalili a rubuce, a kuma nuna wata hanyar. Kuma takardar ta zo da taimako. Idan ƙasa ta ce wannan gida na tarihin kowa ne, to nauyinsa bai kamata ya faɗa kan aljihun mutum ɗaya ba. Ko ba a ba da kuɗi ba, a turo magini ƙwararre ya duba kyauta, a sauƙaƙa samun laka mai kyau da azara, waɗanda ke ƙara nisa da tsada yayin da gari ke faɗaɗa.

Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, doka ta hau kowa. Ba abin da ke kashe mutuncin izini kamar talaka ya ga an hana shi fasa taga, alhali attajiri ya tayar da shaguna na siminti a bakin hanya ba wanda ya ce uffan, ko ita kanta hukuma ta yi gini ko ta shimfiɗa hanya ba tare da ta dubi inda ruwa zai koma ba. Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Kar kuma a ɗauka cewa matsayin da Agadas ta samu na har abada ne. An cire kwarin Dresden na Jamus daga jerin UNESCO a 2009 saboda wata gada, an cire Liverpool ta Ingila a 2021 saboda sababbin gine-gine a bakin ruwa. Idan an cire waɗannan, mu ba mu fi ƙarfin a cire mu ba, kuma Birnin Damagaram da ke jiran shiga ba za a karɓe shi don abin da yake da shi a da ba, sai don abin da ya rage a tsaye.

Ku malamai, akwai aikin da za ku iya tun gobe. Idan maƙwabci ya zo ku rubuta masa takardar neman izini, kar ku rubuta layi biyu ku sallame shi. Ku taya shi ɗaukar hoton bangon da wayar salula, ciki da waje. Ku rubuta abin da ya lalace, da abin da ake son yi, da kayan da za a yi aiki da su, da sunan maginin. Ku nemi amincewar maƙwabtan da suka haɗa bango da shi, ku sanar da mai unguwa. A kai ofishin magajin gari da na al'adu na jiha, a Agadas kuma a bi ta ofishin kula da tsohon gari. A riƙe kofi mai hatimi da kwanan wata, domin shi ne shaida ranar da aka ce ba a ga takarda ba. Kuma a miƙa tun ana girbi, kar a jira bazara. Takarda goma daga unguwa ɗaya, da sa hannun kwamitin iyaye, ta fi wuyar jefawa a durowa bisa ga ta mutum ɗaya.

Akwai kuma aikin cikin aji. Ku ce wa ƴan lakwal su zana gida mai kyau, ku ga nawa ne za su zana soro da zankwaye, nawa ne za su zana akwatin siminti da rufin kwano. Mu muka koya musu haka, da littattafanmu da kuma bakinmu, duk lokacin da muka ce wane ya ci gaba ya fita daga gidan ƙasa. Yaron da ya tashi yana jin gidan kakansa alamar talauci ne, ranar da ya zama injiniya ko magajin gari shi zai fara kawo katafila. Ku kai su zauren da ke unguwa cikin watan Afrilu da tsakar rana, su ji sanyinsa, sannan su koma aji mai rufin kwano su gwada. Darasin kimiyya ne da ba ya buƙatar ko dala. Ku gayyaci tsohon magini ya nuna musu yadda ake murza tubali, yadda ake ɗaura azara har ta zama bakan gizo, da dalilin da ya sa gindin bango ya fi samansa kauri. Lissafi ne da tarihi a wuri ɗaya, kuma mutanen da suka san shi suna ƙarewa.

Ku iyaye kuma, musamman masu ƴaƴa a ƙetare da ke aiko da kuɗin gyaran gida, ku gaya musu gaskiya kafin kuɗin su zama buhunan siminti. A cikin gado ma, kafin a raba tsohon gida a ja bango a tsakiyar zaure, a tambayi magini a tambayi hukuma. Gona idan ta lalace ana iya zuba mata taki ta farfaɗo. Soron da aka rushe, ko an sake gina irinsa, wanda kakanka ya zauna ciki ya tafi.

Damana mai zuwa ba za ta tambayi wanda ke da gaskiya tsakanin mai gida da ofis ba. Mai gida ya kai takardarsa da wuri, da hoto da shaidar maƙwabta. Ofis ya amsa kafin hadari, da dalili da magini. Wanda ya ƙi yin nasa a cikin biyun nan, mu da muka iya karatu da rubutu mu tuna masa, a zaure, a rediyo, a taron iyayen yara, tun bango yana tsaye.